Kowane Ƙarfe da Awartakinsa

Daga Ollelewa, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Hajara, wadda nake kira Uwani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da gwaggonki da duk mutanen gidanta a nan Yamai. Innarki tana gaishe ki. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ki da mutanen kirki.

Ba labarin gari zan ba ki ba, innarki ta riga ta ƙarar da shi a salula, har da na akuyar da ta haifi tagwaye. Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne saƙon da kika ba ta. Kin ce takardunki na karatu a ƙasar waje sun fito, saura kwana goma sha biyu jirgi ya tashi, amma ba za ki taka shi ba sai kin ji daga bakina cewa na yarda. In ban faɗa ba, za ki mayar musu da gurbin karatun, ki dawo ki nemi aikin koyarwa a Tanut don ki lura da idona. Sau uku kina kirana, sau uku ina ce miki, "Allah ya zaɓa mafi alheri." Ni da ke mun san wannan ba amsa ba ce. Bakina bai saba da doguwar magana ba, shekara arba'in guduma ke yi mini ita. Shi ya sa na ce bari in zauna da ɗan bokon da na samu a karatun manya. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace, idon hagu ya daina taimakona.

Kurakuraina zan faɗa miki. Uba ba ya son yin haka a gaban ɗiyarsa, amma sunan mahaifiyata aka sa miki, kuma mutum ba ya ɓoye wa uwarsa ciwo. Ki karanta har ƙarshe, kada ki tsallaka kina neman amsa, na san halinki.

Kin tuna ranar da kika shigo maƙera da hantsi, a hutunki na bazara, na ce miki, "Ke wai shimin nan, ilimin haɗa sinadarai, da kike ta karatu shekara da shekaru, me ake ƙerawa da shi?" Kika tsuguna, kika share ƙasa da tafin hannu, kika ɗauki tsinke.

Kika ce, "Baba, leda kamar carbi take, ƙananan ƙwayoyi ne aka jera jeri mai tsawon gaske. Ledar da muka sani, ƙwayoyinta daga man fetur suke, ƙasa ba ta san yadda za ta ci su ba. Mu namu daga tsami muke samo su, irin tsamin da ke cikin nono, ana fitar da shi daga masara ko rake. Shi kam ƙasa ta san shi."

Na ce, "To ku jera mana, me ya hana?"

Kika ce, "Ba sa jeruwa haka kawai. Sai an sa musu ɗan ƙarfe, ƙwaya guda da ido ba ya gani, tutiya ko almuniyom ko baƙin ƙarfe irin naka. Shi ke kamo su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurawa, shi kuma ba ya ƙarewa. Katalizar ake ce masa. Amma in an sake shi tsirara, ko ya dunƙule da ƴan'uwansa ya kwanta, ko ya yi ta ɗauri barkatai. Dole a yi masa mariƙi da zai rungume shi, ya bar masa ƙofar aiki. Sunan mariƙin ligan. Aikina ke nan, Baba, ƙera mariƙin."

Na dubi zanen, na dubi bangon maƙera, na ce, "Ashe awartaki kike ƙerawa." Kika yi ta dariya har ɗankwalinki ya zame. Ni kuwa na juya na ci gaba da hura wuta, don kada ki ga fuskata. Na yi murna ranar nan, Uwani, murnar da ban yi irinta ba tun ranar sunanki. Duk shekarun nan ina zaton boko ya raba ki da gidanmu, ashe kina nan cikin sana'ar kakanninki, ƙarfen ne kawai ya ƙanƙance.

Tun da awartaki ne, bari in fara da shi. Ina da shekara kamar goma sha takwas wani mutumin Falanko ya kawo mana guntun ƙarfen gindin mota, mulmulalle, mai kauri kamar damtsena, yana so a yi masa kan masaba, babbar guduma. Kakanki yana da awartaki kusan ashirin a jikin bango, mai faɗin baki na hauya, mai ƙugiya na gatari, siriri na allura, amma babu wanda ya dace da wannan. Ya ce mini, "Isufu, fara ƙera masa awartakinsa tukuna." Ya tafi jana'iza. Na yi lissafi na ga aikin wuni guda ne kafin ma a taɓa ƙarfen mutumin, na ce a raina tsoho ya cika tsawaita abu. Na ɗauko mai faɗin baki, na matse da ƙarfin samartaka. Bugu na uku, jan ƙarfen ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafata. Tabon nan da kuke tambayata kuna yara, ina ce muku wuta ce kawai, to asalinsa ke nan.

Da kakanki ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙafar, ya ɗaga awartakin ya duba bakinsa, ya ce, "Ƙarfen bai yi laifi ba. Ta gefe biyu ka taɓa shi, shi kuwa zagayayye ne." Kwana huɗu bayan nan, ƙafa a ɗaure, ya zaunar da ni na ƙera awartakin da na guje wa.

Na kawo wannan ne saboda kukan da kika yi wa innarki bara, wai shekara guda kin yi a labo, ɗakin gwaje-gwajenku, kina ƙera mariƙi kina rushewa, ko leda ɗaya ba ki yi ba, har ƙawayenki suna zolayarki. Ki bar su. A rayuwata ba wanda ya taɓa sayen hauya ya ce in nuna masa awartakin da ya riƙe ta, amma ni na san duk hauyar da ta fito miƙaƙƙiya daga nan ta samo. In aka kai ki can aka ce ki yi sauri, ki yi saurin da aikin zai ɗauka. Kuma mariƙin da ya yi wa tutiya daidai, kada ki ɗauka zai yi wa wani ƙarfen don kawai yana kusa da hannunki.

Na biyu gajere ne, amma har yau yana damuna. Bayan na auri innarki na ɗan taɓa zubin tukwane. Duk tarkacen da ya yi fari na samu a kasuwar Tanut sai in narka, ba na tambayar daga jikin me ya fito. Daga baya wani likita ya ce mini a cikin irin tarkacen nan akwai mai dalma, kuma tana bin abinci ta shiga jiki. Na daina, amma tukwanen sun riga sun bazu, daga nan har Belbeji, ban san cikin wa suka ciyar ba. Da kika ce mini masana'antu da kuza suke wannan aiki naku, kuma ɗan ragowarta yana zama cikin ledar, shi ya sa kuke neman ƙarafan da jikin mutum ya saba da su ko da sun fi wuyar sha'ani, sai na ji kamar kina biya mini wani abu. Ki riƙe wannan. Duk abin da kika zuba a wuta, ki tambayi inda zai ƙare, ko da ba wanda zai taɓa sanin ke kika zuba.

Na uku kin san shi, don a gabanki aka yi, sai dai akwai abin da ba ki sani ba. Kina shekara tara kakarki ta ba ki tunkiya, fara mai baƙin kunne. Ita kike fara gaisarwa da safe kafin ni. Agali, maƙwabcinmu Buzun nan da ya taso daga Tarka, shi ke haɗa dabbobin unguwa ya kai kiwo. Tunkiya ta soma ramewa alhali cikinta a kumbure, tana shinshinar ciyawa ta juya kai. Muka ba ta kanwa, muka ba ta jiƙo, ba sauƙi. Ni kuwa na yanke hukunci ba tare da na duba komai ba. Na tare Agali a bakin rijiya, gaban mutane, na ce ya bar ta ta ci mugun haki, na ce dabbobinsa yake kula da su ya bar namu, na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Mutumin nan ya juya ga rijiya. Ya gyara rawaninsa ya ja guga.

Da muka ga za ta mutu muka kira mahauci ya yanka. Ya farke tumbin, ya zaro wani dunƙule baƙi, murɗaɗɗe, ya fi kan jariri girma. Leda ce zalla. Kika tsaya kina kallo, ba ki yi kuka ba, kika ce, "Baba, me ya sa ba ta narke ba?" Na ce, "Haka Allah ya yi ta." Kika ce, "Ai ba Allah ya yi leda ba, mutane suka yi." Na daka miki tsawa.

Ga abin da ba ki sani ba. Da mahaucin ya warware dunƙulen, na gane ledojin. Cikinsu akwai masu ratsin shuɗi, irin waɗanda mai ƙuli-ƙuli da mai tsire ke ƙulla mini tsarabarku duk ranar kasuwar Tanut. In kun cinye, ni ke jefa su bayan darni, daidai inda ake ɗaure tunkiyar. Ƙanshin mai da gishiri ya ja ta. Ni na kashe miki tunkiya, Uwani, da hannun da na kawo miki tsaraba. Na yi shiru na bar ki kina zaton daga juji ta kwaso. Sai da na yi sati biyu kafin ƙafata ta iya kai ni ƙofar Agali. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya dafa shayi, da na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu ya ce, "Maƙeri, sha shayinka. Wanda dabbarsa ke ciwo ba ya cikin hankalinsa." Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, Allah ya jiƙansa.

Ki yafe mini wannan. Kuma in aiki ya lalace miki a can, kada ki fara da neman mai laifi cikin abokan aikinki. Ki farke tumbin tukuna ki ga abin da ke ciki, sau da yawa za ki tarar da naki a wurin. In kuwa kin riga kin yi wa wani rashin adalci, kada ki kai sati biyu kamar ubanki. Tambayar nan da na tsawata miki a kanta, ita ce yau za ta hau da ke jirgi, na gode wa Allah da tsawata ba ta kashe ta ba.

Bari in ɗan sassauta, kada takardar ta jiƙe. Ranar da kike mana bayanin nan, innarki ta kawo mini fura ta tsaya tana saurare. Kina cewa ƙwayoyin iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu, kuma surar mariƙin ce ke zaɓar wanda zai shiga ƙofa. In ya iya zaɓe, jerin ya fito a tsare, ledar ta yi ƙwari ta jure zafi. In bai iya ba, su shiga yadda suka ga dama, ta fito da laushi, ta fi saurin ruɓewa. Ni ban gane ba, amma na gyaɗa kai irin na manya. Innarki ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata, "Ke ajiye furar ki tafi, wannan maganar ƙarfe ce." Ta ajiye, ta ce, "Ai saƙa ce. In ka bi kaba ɗaya sama ɗaya ƙasa, tabarma ta yi shekara biyar. In ka saka yadda hannu ya faɗa, damina ɗaya ta warware. Wacce ta fi, sai ka san abin da za a yi da tabarmar." Kika tashi kika rungume ta. Ni kuma na sha furata da kunya. Har yau in na yi mata gardama sai ta ce, "Maganar ƙarfe ce ko ta saƙa?" Don haka kada ki raina mai sauraro saboda tufafinsa ko harshensa. Can ma za ki haɗu da masu shara da masu wankin kwalabe, ki gaishe su, ki saurare su.

Akwai kuma wautar da na yi a bana. Da labarin gurbin karatunki ya zo, na tafi kasuwa na kasa riƙe bakina. Na ce wa jama'ar rumfar maƙera ɗiyata za ta ƙera ledar da akuya za ta ci ta ƙoshi, wadda in ka yar da ita yau, jibi ta zama taki. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa, har wani Bafillace ya zo yana tambaya ko za a samu buhu guda kafin rani. Da kika ji kika ce, "Haba Baba! Ba abinci ba ce. Kuma irin da ake da ita yanzu tana son zafi da danshi tare, kamar cikin juji mai ɗumi. A busasshen rairayin Damargu tana iya shekaru ba ta ruɓe ba. Shi ne ma abin da nake so in gyara." Na ji haushi a lokacin, don kin rage mini tsawo. Sati na gaba na koma rumfar na janye maganata, suka yi mini dariya son ransu.

Na gode miki da wannan gyaran. Ki ci gaba da faɗin iyakar abin da aikinki ya iya, ko da mai tambayar yana son ya ji fiye da haka, ko da shi ne ya ɗauki nauyin karatun. Kuma kada ki manta da ƙasar da za a yar da ledar a kanta. Can an ce ruwa ba ya yankewa, mu nan wata tara ba ɗigo. Duk abin da kika ƙera, ki aiko mini da guntu. Zan binne ɗaya a juji, ɗaya a rairayin bayan maƙera, ɗaya a gindin magaryar nan da ake ɗaure awaki, in riƙa tonawa duk wata ina faɗa miki gaskiyar abin da na gani. Wannan aikin ko da ido ɗaya zan iya shi.

Yanzu saura wanda na yi ta kewaya. Kwana biyu takardar nan tana ajiye a nan ban ƙara ko harafi ba.

Yayanki. Kin san ba na kama sunansa, ɗan fari ne, amma kin san kuma ba kunyar ɗan fari kaɗai ta hana a ambace shi a gidan nan shekara goma sha ɗaya ba. Yaron nan hannunsa ya fi nawa, tun yana shekara goma sha biyar na sani, ban taɓa faɗa masa ba. Ina cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya ƙera lauje mai kyau, in nemo aibi. In ya ce a gwada wata dabara, in ce haka ubana ya yi. Ba ya zuwa dandali, ba ya zuwa kallon kokawa, daga maƙera sai gona sai masallaci. Da ya ce yana so ya tafi Damagaram wata shida ya koyi walda ya dawo mu haɗa da ƙira, na ce in ya fita ƙofar nan kada ya dawo. Na faɗa ne don ya tsorata ya zauna. Ya zauna shekara guda, yana bugun ƙarfe kamar wanda aka yi wa dole, ba ya dariya, ba ya gardama. Rannan da safe ya gaishe ni, ya gaida innarki, ya ɗauki jakarsa. Yau yana Agadas da shagonsa da ƴaƴa uku, ban taɓa ganinsu ba.

Duk shekarun nan ina cewa shi ya yi laifi. Sai ranar nan a maƙera, na tambaye ki, "To me zai hana a yi mariƙin ya kama ƙarfen ta ko'ina, gam, kowa ya huta?" Kika ce, "In ya rufe shi ruf, ba ƙofar da ƙwayoyin za su shiga. Ƙarfen yana nan lafiya lau, ba abin da zai same shi, amma ba zai yi aikin komai ba. Wuyar aikin ke nan, Baba, a riƙe shi kada ya lalace, a kuma bar masa wuri." Ke shiminki kike faɗa, ko ɗago kai ba ki yi ba, kina ta zane. Ni kuwa na ga yaron nan a shekararsa ta ƙarshe a gidana, zaune a gaban uwar maƙera, lafiyarsa ƙalau, idonsa a mace. Na ce miki hayaƙi ya shiga mini ido, na fita waje.

Kuma duk da haka, da naki ya zo, na so in sake. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Idon hagu ya tafi, na dama yana binsa a hankali, ina tsoron ki dawo in ji muryarki ban ga fuskarki ba, ko ki dawo a nuna miki inda aka sa ni. Ke ce kike karanta mini takardar likita, ke ce kike zama ki yi mini gardama. Na san in na ci gaba da cewa "Allah ya zaɓa," za ki dawo da kanki, ba wanda zai ce na hana ki. Na ga wannan dabarar, na kuma yi amfani da ita sau uku. Ta fi abin da na yi wa yayanki muni, don shi aƙalla na faɗa masa a fili.

Shekaranjiya bayan sallar azahar na sa innarki ta nemo mini lambarsa. Na kira. Da ya ji muryata, sai aka kashe injin shagonsa da nake jin ƙararsa. Na ce masa, "Hannunka ya fi nawa, tun kana yaro na sani. Na matse ka fiye da kima. Ka yafe mini." Can ya ce, "Baba, yaya idon?" Na ce yana nan. Ya ce in an gama girbi zai zo ya kai ni asibiti a Damagaram a duba ko za a iya cire yanar, zai zo da yaran. Bai ce zai dawo da zama ba, ni ma ban tambaya ba. Innarki ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Saboda haka maganar ido ta fita daga wuyanki. Ko da bai ce zai zo ba, ba nauyinki ba ne ki zauna ki zama sandata.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ke kika ce ƙarfen da aka saki tsirara shi ma ba ya aikin kirki, mu ma a maƙera muna cewa ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kada ki zauna can ke kaɗai daga labo sai ɗaki. Ki riƙe sallarki. Ki nemi mutum biyu ko uku masu tsoron Allah, ko ba addininku ɗaya ba, waɗanda in ba su gan ki kwana biyu ba za su ƙwanƙwasa ƙofa. Ki kira innarki duk Juma'a, ni kuma in ina kusa zan karɓa in yi kamar ba jira nake ba. In wahala ta zo ki faɗa, kada ki gaji shiruna, ba abin gado ba ne.

Direban kar ɗin fasinja da zai ba gwaggonki takardar nan zai ba ta da ƙunshi. Akwai ƙuli-ƙuli da yajin innarki, a ƙullin zane, ba a leda ba. Akwai kuma awartaki mai zagayen baki. Shi ne wanda na ƙera da ƙafa a ɗaure ina shekara goma sha takwas. Jiya na sa shi a wuta na ɗan buɗa bakinsa, don da na duba na ga tun farko na yi shi da matsi. Gwaggonki ta ce ba a shiga jirgi da ƙarfe a hannu, to ki sa shi a babbar jaka. Ba zai riƙe miki tutiyar da ido ba ya gani ba, amma ki rataye shi inda za ki riƙa ganinsa, in sun tambaye ki ki ce musu ke ɗiyar maƙera ce daga Damargu.

Na gode wa Allah da ya ba ni ke. Na gode miki da kika jira maganata alhali kina iya tafiya ba tare da ita ba. Na koya miki riƙon guduma, ke kuma kin koya mini abin da ubana ya fara koya mini ban gama ɗauka ba sai da furfura.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya buɗa miki abin da ya rufu, ya sa aikin hannunki ya amfani mutane da dabbobinsu. Allah ya dawo mana da ke, in ina gani in gan ki, in ba na gani in shafa kanki. In kuma ya ƙaddara ba za mu gana ba, ki sani ba ki bar ni da ɓacin rai ko ƙwaya ɗaya ba.

Kin ce sai kin ji daga bakina. Ki kira ni in takardar ta iso, zan maimaita miki da murya. Amma ga shi a rubuce, don kada gobe tsoro ya sa in canza.

Na yarda, Uwani. Ki tafi.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Isufu Maƙeri.